Kada Mu Manta da Ubangiji a Ranar Ƙoshi

Karatu: Maimaitawar Shari'a 8:1-20

In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a ɗauko shi, a kuma kira yara su zauna, gama maganar da za mu yi yau ta shafi kowane gida.

Akwai tambayar da takan dami mai karanta Tsohon Alkawari. Ga mutanen da suka ga teku ta rabu biyu da idanunsu, suka sha ruwa daga dutse, suka ci abinci daga sama shekara 40. Yaya aka yi zuriyarsu ta durƙusa a gaban itace da dutse? In mun bi labarin a hankali, za mu ga ba a dare ɗaya suka faɗi ba. Mantuwa ce ta fara shiga, sa'an nan gumaka suka biyo ta a baya. Saboda haka yau za mu duba yadda Musa ya gargaɗe su, da abin da ya sa suka kasa, da hanyoyin da Allah ya shirya musu domin su riƙa tunawa, sa'an nan mu kawo maganar gida.

WA'AZIN MUSA NA ƘARSHE

Littafin Maimaitawar Shari'a, wanda tsofaffinmu suka sani da suna Kubawar Shari'a, wa'azin bankwana ne. Musa ya yi shi a ƙasar Mowab, gabas da Kogin Urdun, a wata na 11 na shekara ta 40 bayan fitowarsu daga Masar. Shi kansa yana da shekara 120, ya kuma san ba zai haye kogin ba. Manyan da suka fito daga Masar sun riga sun mutu a jeji, sai Joshuwa da Kalibu kaɗai. Waɗanda suke tsaye a gabansa 'ya'yansu ne.

A sura ta 8 Musa ya sa su waiwaya baya. Ya tuna musu yadda Allah ya bar su suka ji yunwa, sa'an nan ya ciyar da su da manna, abincin da su da kakanninsu ba su taɓa sani ba. Tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu kuma ba su kumbura ba. Bayan haka ya nuna musu gaba, wato ƙasa mai rafuffuka da maɓuɓɓugai, mai alkama da sha'ir, da inabi da ɓaure da rumman, da man zaitun da zuma.

To, a nan ne gargaɗin yake. Mu lura da lokacin da Musa ya ce hatsari zai zo. Ya ce zai zo sa'ad da suka ci suka ƙoshi, suka gina gidaje masu kyau, shanunsu da tumakinsu suka yi yawa, azurfa da zinariya suka ƙaru. A ranar ne zuciya takan kumbura, mutum ya ce ƙarfinsa da wayonsa ne suka tara masa wannan dukiya. A jeji babu wanda zai iya faɗin haka, domin kowace safiya sai ya fita ya tsinci abin da bai shuka ba. Amma mai rumbu cike yakan yi wata guda bai ji yana bukatar kowa ba.

Mutumin Potiskum ba ya bukatar a fassara masa wannan sura. Garinmu yana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Mun saba ganin tireloli suna lodin shanu da hatsi zuwa kudu. Mun san yadda hannu yakan buɗe bayan kaka, in gero da dawa da wake da gyaɗa sun yi kyau. Dukiya ba zunubi ba ce. Musa da kansa ya ce Allah ne yake ba mutum ikon samunta. Laifin shi ne a karɓi kyauta a manta da mai kyautar, alhali kuwa Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici.

ME YA SA BA'AL YA JA HANKALINSU?

Sau da yawa mukan yi wa Isra'ilawa kallon wawaye. Amma bari mu duba halin da suka shiga. A sura ta 11 Musa ya bayyana musu bambancin noman Masar da na Kan'ana. A Masar akwai Kogin Nilu, manomi yana ban ruwa kamar mai lambu a fadama. A Kan'ana kuwa ruwan sama kaɗai ake jira. In ruwan fari ya makara, ko ruwan ƙarshe ya ɗauke kafin hatsi ya nuna, shekarar ta tafi ke nan. Mu da muke ɗaga kai muna duban gabas a watan Yuni, mun san irin wannan zullumi.

Isra'ilawa makiyaya ne da suka taso a jeji, ba su san noman wannan ƙasa ba. Maƙwabtansu Kan'aniyawa kuwa sun daɗe suna yi, suna kuma da allahnsu na ruwa. Daga shekara ta 1929 masu tonon tsofaffin garuruwa sun yi aiki a wani wuri da ake kira Ras Shamra a gaɓar tekun Siriya, inda tsohon birnin Ugarit yake. Sun sami alluna na yumɓu masu yawa, waɗanda suka nuna yadda mutanen yankin suka ɗauki Ba'al. A wurinsu shi ne mai hadari da tsawa da ruwan sama, har suka sassaƙa siffarsa yana riƙe da kulki da mashi. Ashtarot da Ashera kuma su ne ake nema domin haihuwa da yalwar dabbobi.

Yanzu sai mu gane yadda jarabar ta zo. Ba'isra'ile bai ce ya daina bin Ubangiji ba. Abin da ya ce a ransa shi ne, Ubangiji ya iya yaƙi da Fir'auna, ya iya jeji, amma batun gona akwai masu ita. Sai ya je sujada ranar Asabar, ranar shuka kuma ya kai ɗan abin hadaya kan tudu. Ƙasa ma ta ba da shaida a kan wannan gauraye. A Urushalima da garuruwan Yahuza an tono ɗaruruwan ƙananan siffofin mace na yumɓu, da yawansu a cikin gidajen mutane. A wani kango kuma da ake kira Kuntillet Ajrud a hamadar Sina'i, a shekarun 1975 da 1976, an sami rubutun da ya haɗa sunan Ubangiji da na Ashera wuri guda. Abin da annabawa suka yi ta kuka a kai ke nan.

Annabi Yusha'u ya ce Isra'ila ba ta san cewa Ubangiji ne yake ba ta hatsi da ruwan inabi da mai ba, har azurfa da zinariyar da ta kai wa Ba'al daga hannunsa suka fito. A zamanin sarki Ahab da matarsa Yezebel kuwa, Allah ya taɓa su a daidai inda suka dogara. Ya rufe sama shekara uku da rabi, domin a ga ko Ba'al mai ruwa ne. A Dutsen Karmel Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, ya tambayi jama'a har yaushe za su yi ta ɗingishi tsakanin hanyoyi biyu. Mu lura da abin da ya yi kafin ya yi addu'a. Ya ɗauki duwatsu 12 bisa ga yawan kabilan Isra'ila, ya gyara rusasshen bagaden Ubangiji, wato ya tuna musu ko su wane ne. Wuta ta sauko, jama'a suka fāɗi rubda ciki, a ranar kuma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Taura biyu ba ta taunuwa.

SA'AD DA ABU MAI KYAU YA ZAMA GUNKI

Akwai wani irin gunki da ya fi na Ba'al wuyar ganewa, domin yana zuwa da sunan Ubangiji. Littafi ya ba mu misalai uku.

Na fari shi ne ɗan maraƙin zinariya, cikin Fitowa sura 32. Musa ya yi kwana 40 a kan dutse, jama'a suka gaji da jira, suka ce wa Haruna ya yi musu abin da zai wuce gabansu. Daga ina zinariyar ta fito? Daga 'yan kunnensu. Mun kuma san cewa a daren fitowarsu Allah ya sa Masarawa suka ba su kayan ado na azurfa da zinariya. Da Haruna ya gama, sai ya gina bagade, ya yi shela cewa gobe idi ne ga Ubangiji. Ashe ba su ce sun sake Allah ba, sun dai so Allahn da za su gani, su ɗauka, su ajiye inda suke so. Shi ya sa a Maimaitawar Shari'a sura 4 Musa ya nanata musu cewa a ranar da Allah ya yi magana daga cikin wuta a Horeb, murya suka ji, ba su ga siffar kome ba. Bayan mutuwar Sulemanu, wajen shekara 930 kafin haihuwar Almasihu, sarki Yerobowam ya maimaita wannan zunubi. Ya ƙera maruƙa biyu, ya sa ɗaya a Betel ɗaya a Dan, domin kada jama'arsa su je Urushalima zuciyarsu ta koma ga gidan Dawuda. Siyasa ce ta haifi wannan sujada. Har yau masu ziyarar Dan suna ganin harsashin matsafin da aka tono a can.

Na biyu shi ne akwatin alkawari, cikin 1 Sama'ila sura 4. Filistiyawa suka ci Isra'ila da yaƙi. Maimakon dattawa su bincika zunubinsu, sai suka aika Shilo aka ɗauko akwatin, suna cewa shi zai cece su. Sun mai da shi laya ke nan. A ranar mutum 30,000 suka mutu, akwatin kansa kuma ya faɗa hannun abokan gaba. Allah ya yarda a ƙwace akwatinsa domin mutanensa su sani ba a sa shi aiki kamar bara.

Na uku shi ne macijin tagulla. Allah da kansa ya umarci Musa ya yi shi, cikin Littafin Ƙidaya sura 21, duk wanda maciji ya sara ya dube shi sai ya rayu. Amma bayan ɗaruruwan shekaru jama'a suka fara ƙona masa turare. Sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta faɗa, Littafi kuma ya yaba masa. Abin da aka ajiye domin a tuna da Mai Ceto ya koma wurin da ake neman ceto.

ƘARSHEN MANTUWA DA AMINCIN ALLAH

Littafin Mahukunta sura 2 ya nuna inda igiyar ta tsinke. Jama'a sun bauta wa Ubangiji dukan kwanakin Joshuwa da na dattawan da suka ga ayyukansa. Bayansu sai wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Tsara ɗaya tak aka yi shiru a gida, sai ga Ba'al a tsakar gida.

Irmiya ya kwatanta su da mutanen da suka bar maɓuɓɓuga mai ruwa rani da damina, suka je suka haƙa ramukan tara ruwa masu tsagewa. Ishaya kuma a sura 44 ya ba da labarin mutumin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, sauran rabin ya sassaƙa ya roƙe shi ceto. Ba su saurara ba. A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe mutanen arewa. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wajen 622, aka tsinci littafin Shari'a a cikin Haikali, inda ya ɓace a gidan da aka gina domin Mai shi. Yosiya ya yi gyara iyakar ƙoƙarinsa, amma bayan mutuwarsa jama'a suka koma gidan jiya. A 586 sojojin Nebukadnesar suka ƙone Urushalima da Haikali.

Duk da haka, 'yan'uwa, labarin bai ƙare a toka ba. Su sun manta, amma Allah bai manta da alkawarin da ya yi wa Ibrahim ba. A 538 Sairus sarkin Farisa ya ba da izini su koma ƙasarsu. Nehemiya sura 9 ta nuna mana su a tsaye suna azumi, Lawiyawa suna bin tarihinsu daki-daki tun daga kiran Ibrahim, suna shaida cewa Allah ya yi aminci, su ne suka yi mugunta. Daga cikin waɗannan da suka komo ne aka haifi Almasihu.

HANYOYIN TUNAWA DA ALLAH YA SHIRYA

Allah ya san halin ɗan Adam, shi ya sa bai bar tunawa ga ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Ko Dokoki Goma ma da tuni suka fara. Kafin ya hana su bin waɗansu alloli, sai da ya tuna musu cewa shi ne ya fisshe su daga gidan bauta.

Ya ba su abinci na tunawa, wato Idin Ƙetarewa, da ɗan rago da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci. Ya ba su Idin Bukkoki, inda mai gidan dutse zai fita ya yi kwana bakwai a bukka, domin kada ya manta kakanninsa ba su da ɗaki. Ya sa aka ajiye mudu guda na manna cikin tulu. Ya ce manomi ya kawo nunan fari cikin kwando, ya tsaya gaban bagade ya ba da tarihin jama'arsa da bakinsa, tun daga yawon kakansu har zuwa gonar da ya girbe. Da suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa a Gilgal. Sama'ila kuma, bayan jama'a sun watsar da gumakansu a Mizfa Allah ya ba su nasara, ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako.

Akwai abu ɗaya da ya haɗa waɗannan duka. An shirya su ne domin yaro ya gani ya yi tambaya, uba kuma ya amsa. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora wannan aiki a kan iyaye, a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Ba a ce a bar wa firist ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

NAMU DUWATSUN TUNAWA

Mu fa, wane labari za mu ba 'ya'yanmu? Na fari shi ne yadda bishara ta iso mu. A ƙarshen shekara ta 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kawo bishara cikin wannan ƙasa. Kafin shekara ta zagayo, biyu daga cikinsu sun mutu. Aikin bai mutu ba. Mishan ta SIM ta kafu, ta iso har Kukar Gadu, a 1954 kuma aka kafa ikilisiyar ECWA. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, shi ne iyayenmu Karekare da Ngizim da Ngamo da Bolewa da sauransu suka koyi karatu da shi. Kowace ikilisiya tana da nata masu bi na fari, waɗanda aka kora daga gida, aka hana su mata ko gona, suka jimre. Yaranmu sun san sunayensu?

Na biyu shi ne shekarun yunwa. Tsofaffinmu suna tune da farin 1973 da na 1984, da ciwon bushiya da ya share garkuna a 1983. An sha wuya, amma ga mu nan, an kuma sake cika rumbuna.

Na uku kuwa har yanzu tabonsa bai gama warkewa ba. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu, suka kashe mutane da dama. A daren jajiberen Kirsimeti na wannan shekara aka kai hari wata majami'a a ƙauye kusa da Potiskum, aka kashe masu sujada tare da fastonsu. Ran 10 ga Nuwamba, 2014, bam ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati lokacin taron safe, fiye da mutum 40 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. A watan Yuli na 2015 aka kai harin ƙunar baƙin wake a wata coci a Potiskum ranar Lahadi. Kirista da Musulmi duka sun binne 'ya'yansu a waɗannan shekaru. Iyalai da yawa sun gudu zuwa Jos da Bauci da Gombe, waɗansu ba su dawo ba.

Ba za mu ce waɗanda suka mutu Allah bai yi musu aminci ba. Amincinsa bai tsaya a bakin kabari ba, masu bi da suka riga mu suna tare da Almasihu. Amma mu da muka ragu, mu tuna yadda muka yi addu'a a kwanakin nan, yadda aka cika majami'a duk da tsoro, yadda muka yi wa Allah alkawarai. Yaran da aka haifa bayan 2015 ba su ga kome ba. In ba mu faɗa musu ba, tsarar Mahukunta sura 2 tana girma a ɗakunanmu. Mu ba su labarin ba domin su riƙe kowa a zuciya ba, sai domin su san wanda ya riƙe mu.

GUMAKAN DA SUKE ƘWANƘWASA ƘOFARMU

Gunki shi ne duk abin da muke ba shi dogara da tsoro da biyayyar da ta cancanci Allah kaɗai. Hanya mai sauƙi ta gane shi ita ce mu tambayi kanmu, ina muke fara gudu sa'ad da abu ya ɓaci?

A cikinmu akwai mai zuwa sujada da guru a ƙugu ko laya a aljihu, musamman tun kwanakin tashin hankali, yana cewa ai tsari ne kawai. Akwai matar da haihuwa ta yi mata jinkiri, tana cikin Zumuntar Mata, da dare kuma a kai ta wurin boka. Akwai manomin da yake binne wani abu a kusurwar gona kafin shuka, da ɗan kasuwar da ba ya buɗe rumfa sai an yi masa duba. Wannan ita ce hanyar Ba'al, wato a bar wa Allah ranar Lahadi, a ba wani sauran kwanakin.

Akwai kuma hanyar macijin tagulla. Kwalbar mai, da ruwan da aka ce an yi wa addu'a, da ƙyalle, da hoton wani mai wa'azi a bango, har da Littafi Mai Tsarki da ake sawa ƙarƙashin matashi ba a karantawa. Yaƙub ya ce dattawan ikilisiya su shafa wa marar lafiya mai su yi masa addu'a, amma ya ce Ubangiji ne zai tashe shi. In har ana sayar da man, ana kuma jin tsoron fita ba tare da shi ba, ya zama laya. Manzo Bulus ya ƙara da cewa kwaɗayi ma bautar gumaka ne, cikin Kolosiyawa 3:5. Mudun da aka danne gindinsa, da dabbar da aka ɓoye ciwonta domin a sayar, hadaya ce ga kuɗi.

A nan muna so a fahimce mu da kyau. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Ganye ko saiwar da aka san tana maganin ciwo halittar Allah ce, muddin ba a haɗa ta da tsafi ba. Harshenmu, da gayyar noma, da girmama tsofaffi, da zumunci da 'yan'uwanmu da ba sa bin Almasihu, duk ba gumaka ba ne. Allah bai ce mu daina zama Karekare ko Ngizim ba, ya dai ce kada mu raba zuciyarmu.

ABIN DA ZA MU YI A GIDA

A Shekem, Joshuwa ya tara jama'a, ya fara da ba su tarihin alherin Allah, sa'an nan ya ce su zaɓa. Ya kuma faɗa musu cewa shi da mutanen gidansa sun riga sun yanke shawara. Haka ya kamata kowane maigida da uwargida su yi.

A wannan mako, bayan tuwon dare, a zauna. Baba ko kaka ya ba da labarin abu guda da Allah ya yi wa gidan, da harshen gida, domin ya shiga zuciyar yara. A sa wani yaro ya rubuta shi cikin littafi, tare da shekarar da abin ya faru, a riƙa ƙarawa. In lokacin godiyar kaka ya zo, kada a aika da damin kawai. A je da yara, a gaya musu dalili. In kuwa akwai abin da aka ɓoye a rufin ɗaki ko ƙarƙashin gado, a kira fasto da dattawa, a fito da shi, a yi addu'a, a ƙone. Kada tsoro ya hana, gama Almasihu ya riga ya yi nasara a kan ikokin duhu ta wurin gicciyensa.

Babban dutsen tunawarmu kuwa shi ne Jibin Ubangiji. A daren Idin Ƙetarewa Yesu ya ɗauki gurasa da ƙoƙo, ya ce mu riƙa yin haka domin tunawa da shi. Isra'ila ta tuna da fitowa daga Masar, mu kuwa muna tunawa da fansa daga zunubi da mutuwa. Wanda ya ba da Ɗansa dominmu, ruwan sama ko lafiyar yaro ba za su gagare shi ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ka riƙe iyayenmu cikin yunwa, ka riƙe mu cikin kwanakin tsoro. Ka ta'azantar da gidajen da har yanzu suke makoki. Ka tsare mu daga girmankai a ranar ƙoshi, ka kuma tsare mu daga neman wani mataimaki a ranar rashi. Ka buɗe bakin iyaye su ba da labarin ayyukanka, ka buɗe kunnen yara su ji. Ka ba Potiskum da Jihar Yobe salama. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Kafin mu sake saduwa, a karanta Zabura 78 tare da iyali, a ƙidaya sau nawa jama'a suka juya baya, sau nawa kuma Allah ya ji tausayinsu. Ubangiji ya sa muku albarka, ya kiyaye ku. Sai wani mako in Allah ya kai mu.